Ranar da Ta Ɓace a Fanfon Farar Ƙaya

Da asubahin wata Alhamis, a bazarar da ta biyo bayan farin shekarar tamanin da huɗu, Ɗan Azumi mai gadin fanfon Farar Ƙaya ya shiga ɗakin inji ya murza hannun tayarwa kamar kullum. Inji ya yi tari, ya tashi, ya kama ruri, amma ruwa bai zo ba. Da ya duba sai ya ga ƙafafun ƙarfe biyu masu juya fanfo tsirara. Ɗamarar robar da ke haɗa inji da fanfo babu ita. Ba tsinkewa ta yi ba, da an ga guntunta a ƙasa. Cire ta aka yi.

Farar Ƙaya tana arewa da Belbeji, inda gonaki suka ƙare jeji ya fara. Gwamnati ce ta haƙa rijiyar, mai zurfin da guga bai taɓa ganin ƙarshensa ba, ta ɗora mata inji. A wannan shekara duk mai sauran dabba a Damargu nan yake dosa, Fulani da Buzaye da manoman da suka koma kiwo don gona ta ƙi. Kafin rana ta ɗaga, kukan shanu ya cika wurin, mutane sun kewaye kwamin shan ruwa suna leƙen busasshen siminti kamar za su ga ɗamarar a ciki. Kowa ya san babu irinta sai Damagaram, can ma sai an aika Yamai.

Sunan Rissa ya fara fitowa daga bakin mata. Wani Buzu ne dogo mai jajayen shanu, wanda ya yi faɗa kan layin shayarwa a farkon makon, har ya ɗaga sanda ya nuna ɗakin inji ya ce Allah ya kashe wannan ƙarfen kowa ya huta. Wannan kowa ya ji. Ranar da ya tashi da shanunsa ce ba wanda ya riƙe, don a irin wannan zafi kwanaki narkewa suke cikin juna.

Amma radiyo ta riƙe. Duk Laraba direban kamyo, babbar motar da ke kawo wa inji man gazuwal, yakan karɓi bayani daga bakin Ɗan Azumi, garken wane da wane ne a fanfo, kai nawa nawa, ya kai Belbeji, daga nan a buga wa Tanut ta radiyo. Da wannan ake auna man da za a aiko. Bayanin wannan Laraba ya ce garken Rissa na nan. Saboda haka da azahar motar jandarma ta bi jeji ta tsince shi can arewa, ƙarƙashin wata aduwa, ta dawo da shi a ɗaure.

* * *

Jika mai bin sawu ya iso da la'asar a bayan wannan mota. Tsohon mafarauci ne daga wajen Ollelewa, wanda barewa ta ƙare ta bar shi da ido, ya koma neman ɓatattun jakuna. Tun yana saurayi kansa a ƙasa yake, har ya fi sanin mutane da yatsun ƙafa a kan fuska. Yana da wata ɗabi'a kuma, ana cikin magana sai ya lumshe ido ya tafi wani wuri, ya dawo da tambayar da ba ita ake yi ba.

Ajidan Ibrahim, shugaban jandarmomin, ya tarbe shi a rumfar gefen ɗakin inji. Mutum ne mai haƙuri, leɓensa duk ya tsage.

"Baba Jika, ba ɓarawo nake so ka nemo mini ba, ga shi nan zaune. Ɗamarar nake so. Ya ƙi faɗin inda ya binne ta. Ran Asabar da azahar zan wuce da shi Tanut, daga can Damagaram."

Jika ya dubi ƙafafun Rissa. Faffaɗan takalmi irin na Buzaye, na dama an yi masa faci da jan fata. Sannan ya ɗaga kai.

"Sannu, ɗan'uwa."

"Ran Talata na tashi," in ji Rissa, muryarsa a bushe. "Na gaya musu har harshena ya gaji. Shanuna ran Talata suka sha ruwa na ƙarshe. Saura yini ɗaya in kai su rijiyar danginmu sai mota ta zo. Matata Raishatu tana can da goyo, na ce mata kada ta gusa daga aduwar nan. Ba za ta gusa ba, na san ta. In aka kai ni Damagaram, tsoho, ƙashi za a tarar."

"Na tambayi mai gadi a gabanka," in ji Ajidan. "Na ce ran Laraba ka ƙirga shanun Rissa? Ya ce ƙwarai."

Ana haka sai ga wani dattijon Bafulatani, siriri, da ƙwarya a hannu. Ya yi sallama a hankali, ya durƙusa ya kai ƙwaryar bakin Rissa, ya riƙe masa har ya shanye. Madara ce. Ya tashi bai dubi kowa ba.

"Wane ne?" Jika ya tambaya.

"Amadu," in ji Ajidan. "Mutumin kirki. Ya ce safe da yamma zai riƙa kawo masa."

Jika ya lumshe ido. Da ya buɗe sai ya ce, "Ajidan, akwai bushiya a wannan jejin?"

Ajidan ya yi tsaki ya tafi salla.

* * *

Kusa da fanfo babu abin karantawa. Kofato dubu sun niƙe ƙasa ta zama gari. Da safiyar Juma'a Jika ya fita nesa, ya yi ta kewaya wurin kamar mai ɗaure gona da shinge, har ya ci karo da facin takalmin nan ya nufi arewa, da sawun shanu gabansa, da na jaki mai ɗauke da nauyin mace. Ya bi su a hankali. Rana tana kwance a gefe, kowane sawu da 'yar inuwarsa a ciki, sai ya ji kamar shanun suna tafe gabansa yanzu, jajaye, shiru, ba ƙura, yana iya miƙa hannu ya taɓa wutsiyar ta baya.

Inda suka tsallake hanyar mota ya tsaya ya tsuguna. Ya daɗe a nan.

Ya koma ya ɗauko Ajidan, da wani saurayi mai tabarau, wanda ake ce wa Mushe Audu irin kiran 'yan boko, ma'aikacin ofishin dabbobi na Belbeji, wanda ke buga bayanin garke a radiyo.

"Ku duba," in ji Jika. "Ga kofaton saniyar Rissa. Ga 'yan ƙafafun bushiya sun ratsa ta cikinsa. Ga tayar kamyon gazuwal ta taka bushiyar, sawunta nake nufi, ita tana lafiya. Kamyo ran Laraba da la'asar ya zo. Bushiya kuwa ba ta yawo da rana. Ashe tsakanin saniya da mota an kwana."

Ajidan ya tsuguna ya duba da gaske. Ya tashi yana kaɗe gwiwa.

"Na gani, Baba. Amma bushiya ba za ta je gaban alƙali ta yi rantsuwa ba. Radiyo ta ce Laraba, mai gadi ya ce Laraba. Ƙasa ta ce Talata. Rana guda ta ɓace a tsakani. Nemo mini ita, ko ka nemo ɗamarar. In ba haka ba mutanen can za su cinye ni in na sake shi."

Mushe Audu ya cire tabaransa ya goge da bakin riga.

"Wallahi wannan fanfon ya daɗe yana ba ni ciwon kai," ya ce. "Kullum bayaninsa a makare yake. In aka ce mini garke sun yi yawa, in sa a ƙaro mai, kamyo ya zo ya tarar sun watse. In aka ce babu kowa, in rage, sai wuri ya cika mai ya ƙare. Na buɗe radiyon na hura, na canza batir, na hau sama na gyara waya. Har na zargi na Tanut da barci. Ni dai abin da aka ba ni da daddare shi nake bugawa da safe."

"Wa ke ba ka?"

"Barmo direba."

* * *

Barmo yana kwance ƙarƙashin kamyonsa, ya dawo tun jiya da makanike wanda ya duba inji ya ce ba abin da zai iya. Gajere ne mai tumbi, da tsinken sakace a baki. Sawunsa kuwa Jika ya riga ya gani a ɗakin inji, dab da ƙafafun ƙarfen, da tabon gwiwa inda ya durƙusa.

"Barmo, me ka durƙusa yi gaban inji?"

"Addu'a, Baba. Kowa ya san ni da ibada."

"Da sifana a hannu?"

Barmo ya fito da kai daga ƙarƙashin mota. "Tsoho, ka bar jakuna ka koma bin musulmi? Mai na zuba, na ɗaure wata kusa da ke rawa. In na sace ɗamara in sa wa wa? Kamyona in ya ga wannan ɗamarar sai ya suma, ta fi ƙarfinsa."

"Daga nan kai tsaye kake zuwa wajen Mushe?"

Barmo ya tauna tsinkensa. Ya ce kai tsaye. Jika ya dubi tayar baya, inda wata irin jar laka ta maƙale, wadda babu ita a hanyar Belbeji. Barmo ya bi idonsa ya ga abin da yake kallo.

"To, na ɗan ratse."

"Ina?"

"Baba, kai ma ka yi ƙuruciya."

Zuciyar Jika ta ce ga ranar nan da ta ɓace, tana kwance a wani gida. Ya sa Barmo ya tayar da mota ya kai shi. Suka yi ta tafiya cikin zafi har wani ƙauye mai jar ƙasa, suka tsaya ƙofar wata bazawara mai sai da fura, Tabawa. Ta fito tana gyara kallabi, ta ji tambaya, ta kwashe da dariya har ta dafa bango.

"Wannan? Ya kwana a nan? Allah ya kiyaye! Shekara guda yana zuwa duk Laraba, ya sha fura, ya ce mini Tabawa ana zafi, in ce ana yi, ya tashi ya tafi kafin magariba. Ko sadakar kallo ba ya iya yi sai ta gefen ido. In kai ne ubansa ka koya masa magana."

Barmo ya yi ta duban sama kamar mai neman hadari.

A hanyar dawowa Jika ya yi ta cizon yatsa. Yini guda ya tafi a kan fura. Ya lumshe ido, kamyo na jijjiga shi, sai ya ga wata aduwa da bai taɓa gani ba, da mace zaune da goyo, da jajayen shanu sun kewaye ta suna kallonta, ita kuma tana kallon kudu.

* * *

Ya tashi ran Asabar tun gari bai gama wayewa ba, ya zauna kan wani tudu yana jan carbi. Wani garke ya gaji da jira ya tashi jiya da yamma, ya nufi gabas. Da rana ta leƙo sai Jika ya hangi mutum shi kaɗai a kan hanyar da suka bi, ya sunkuya, yana tafiya a karkace kamar mai tsintar gyaɗa, leɓensa na motsi.

Ɗan Azumi ne. Jika ya sauko ya tsaya gabansa, don rurin inji ya daɗe da cinye masa kunne, sai an ɗaga murya.

"Me ya faɗi?"

"Ba abin da ya faɗi. Aiki nake. Ƙirga nake."

"Ƙirgan me? Ba kowa a nan."

"Shanun da suka tafi jiya mana." Ɗan Azumi ya dube shi kamar ya yi tambayar yara. "Kai da kake bin sawu kake tambayata?"

Jika ya matso kusa da shi.

"Ba ka ƙirga su suna shan ruwa?"

Ɗan Azumi ya ja da baya ya tofa a gefe. "A'uzubillahi! In tsaya gaban mutum in nuna dabbarsa da yatsa, ɗaya, biyu? In wata ta faɗi gobe a ce bakina ne ya kama ta? Ni a rugar Fulani na tashi, Jika. Mai shanu ma ba ya ƙirga nasa, kamanninsu yake dubawa. Da aka ba ni aikin nan aka ce sai na ƙirga, kwana na yi ban yi barci ba. Sai Allah ya ba ni dabara. In bari su tafi, su kwana a hanya, da safe in fito in ƙirga sawu. Sawu ba ya ciwo. Gwamnati ta samu nata, mai shanu ya tafi da nasa."

"Na Rissa yaushe ka ƙirga?"

"Ran Laraba da safe. Ai na gaya wa Ajidan."

"Yaushe suka tashi?"

"Talata da hantsi."

"Don me ba ka faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Ni na ga an ɗaure shi, na ce ko dawowa ya yi da dare. Manya sun fi ni sani."

Jika ya zauna a ƙasa. Ya ɗebi rairayi ya bar shi ya zube ta tsakanin yatsu. Ashe duk abin da radiyo ke faɗa wa Tanut labarin waɗanda suka riga suka tafi ne. Ofis yana aiko wa inuwa mai. Ya lumshe ido, ya daɗe, har Ɗan Azumi ya ɗauka barci ne.

"To wanda bai taɓa tafiya ba fa?"

"Wannan ban taɓa ƙirga shi ba."

"Akwai shi?"

"Amadu kaɗai. Tun sanyi yake bayan tudun can. Ai nan ne ƙasarsu, nan aka binne cibiyarsa. Akwai ma tsohuwar rijiyar ubansa a kwarin, ta rufta tun zuwan inji. Ba mai zuwa wurin, an ce da mutanen ɓoye."

Jika ya tuna ƙwaryar madara. Saniyar da ta kwana biyu ba ruwa ba ta cika ƙwarya safe da yamma.

Ya haura tudun ya gangara kwarin. Iska ba ta shiga wurin, shiru kamar cikin tulu. Ga shanu farare kwance suna tuƙa, ba mai kuka. Ga rijiya an yashe ta, an kafa mata sabon gwafa, ga doguwar hanyar da takarkari ke bi yana jan igiya, ta yi zurfi. Shi kansa takarkarin yana tsaye a inuwa, baƙi, ƙato, ya dubi Jika ya kau da kai.

A bakin kwamin itace, inda ruwa ke zuba in an juye guga, Jika ya ga abin da ya sa ya manta da abin da ya kawo shi. Kore. Ciyawa ce sabuwa, siririya, ta kai tsawon yatsa, tana tsaye cikin laka. Rabonsa da ganin wannan launi tun daminar da ba ta yi ba. Ya durƙusa ya shafa ta da bayan hannu, ya sunsuna. Sai daga baya hankalinsa ya dawo. Ya sa wuƙa ya yanko ta da ƙasarta, ya naɗe a bakin rawani.

* * *

Rana ta kusa tsaka, motar jandarma tana huci, lokacin da Jika ya roƙi Ajidan ya tara mutane a rumfa. Aka zo da Barmo, da Mushe Audu, da Ɗan Azumi. Rissa na zaune inda yake, idonsa ya faɗa. Amadu ya iso da ƙwaryarsa, Jika ya ce masa ya ɗan zauna. Makiyaya suka yi cincirindo a waje.

"Ajidan, na samo ranarka," in ji Jika. "Ba a radiyo ta ɓace ba, Mushe, ka bar hura ta. Ba a wajen Barmo ba, shi fura kaɗai yake ɓatarwa."

"A rufa asiri, Baba," in ji Barmo.

Jika ya sa Ɗan Azumi ya faɗi yadda yake ƙirga, da ƙarfi, da bakinsa. Da ya gama, makiyayan waje suka yi ta gyaɗa kai, wani ya ce Allah ya yi masa albarka, ɗan halak ne. Mushe Audu ya riƙe kai da hannu biyu, sannan ya fashe da dariya, dariyar mutumin da ya hau saman ɗaki sau da yawa a banza.

"Shekara uku!" ya ce. "Ni da na zauna na tambaye ka sau ɗaya!"

Ajidan bai yi dariya ba. "To Rissa ya tashi Talata. Wa ya cire ɗamara?"

Jika ya kwance bakin rawaninsa ya ajiye ciyawar a tsakiyar tabarma. Kowa ya miƙo wuya. Wata tsohuwa daga waje ta ce la'ilaha illallahu, a hankali, kamar ta ga wanda ya mutu ya dawo.

"Daga bakin rijiyar kwari na yanko ta," in ji Jika. "Inji shekaranjiya ya tsaya. Ku makiyaya ne, ku faɗa mini, ciyawa tana kai haka a kwana biyu?"

Makiyaya suka girgiza kai.

"An fi mako ana zuba ruwa a wurin. Mutum ya shiga ramin da ya rufta, ya yashe shi shi kaɗai a wannan zafi, alhali ga inji na ba da ruwa kyauta. Wanda ya yi haka ya san inji zai tsaya."

Amadu ya ajiye ƙwaryar a hankali don kada ta zube. Bai dubi Jika ba, ciyawar yake kallo.

"Ban san ta fito ba," ya ce. "Kullum ina wurin, ban gan ta ba."

"Baffa Amadu," in ji Ajidan, "kai ne?"

"Ni ne, ɗana." Ya gyara zama. "Da, kafin ƙarfen nan, in baƙo ya zo rijiyar babana sai ya yi sallama. A ba shi ruwa, ya kwana biyu, ya yi godiya ya wuce. Ciyawar wurin nan takan kai mu har ruwan sama. Inji bai san sallama ba. Kowa ya zo, daga Agadas, daga Dakwaro, daga inda ban taɓa ji ba, suka cinye har saiwa. Saura ɗan abin da ke bayan tudu. Na ce in ya yi shiru kwana kaɗan za su watse, in mayar. Da sanda na zare ta, yadda na ga Ɗan Azumi na yi. Ban yanka ba."

"Ka ga an ɗaure wani," in ji Ajidan.

"Na gani. Kowace safiya in ɗauko ƙwarya in ce yau zan faɗa. In na zo sai in ga jama'a, in ce da yamma."

Rissa ya dube shi, ya dubi ƙwaryar. Ya sa ƙafa ya ture ta, madara ta bi ƙasa ta shanye nan take.

Da aka je bukkar Amadu aka sami ɗamarar naɗe cikin fatar akuya, an shafe ta da man shanu don kada zafi ya fasa ta. Sai da Barmo ya wanke ta da gazuwal da toka yana zage-zage kafin ta yarda ta kama ƙarfe. Inji ya yi tari, bututu ya yi gurnani, ya tofo iska, ya tofo laka, sannan ruwa. Ajidan ya kwance Rissa da hannunsa, ya nemi gafararsa. Jandarmomi suka tsaya tsakanin Amadu da jama'a har ya shiga mota. Da zai shiga ya juyo yana neman wanda zai ce wa wani abu game da shanunsa, bai samu ido ko ɗaya ba.

* * *

Gangunan farko da aka cika kamyon Barmo aka ɗora wa. Rissa ya zauna gaba yana nuna hanya da haɓa, Jika a bayansa riƙe da ƙarfe.

Ungulaye suka fara gani, sannan aduwar. Raishatu tana zaune a gindinta da goyo a cinya, salkarta a yashe ta lanƙwashe. Ba ta tashi ba, ba ta yi kuka ba. Rissa ya kai mata ruwa a kwano, ta jiƙa yatsa ta sa wa jaririn a baki tukuna, sannan ta sha.

Shanun suna kwance. Da aka fasa ganga ta farko, ƙamshin ruwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, suka yi ta yunƙurawa, gwiwa na rawa, wata sai an ɗaga mata wutsiya. Rissa yana bi yana kiran kowace da sunanta, yana hana su sha da yawa. Suka tashi duka, ban da ɗaya. Can gefe takarkarinsa yake, wanda ke ja masa guga, ya miƙe wuya a ƙasa, ƙudaje sun riga sun sami idonsa. In ba shi, ko sun kai rijiyar dangi ba mai fito musu da ruwa.

"Yaushe?" Rissa ya tambaya.

"Yau da hantsi," in ji Raishatu. "Ya yi ta kallon hanya."

Rissa ya tsuguna ya kwance igiyar hancinsa, ya naɗe ta a hannu. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya miƙe ya dubi Jika.

"Tsoho, Bafulatanin nan, wa zai shayar da shanunsa?"

"Ba kowa. Shi kaɗai ne."

"Ka ce yana da takarkari?"

"Baƙi, ƙato."

Rissa ya juya ga matarsa ya yi mata magana da Buzanci, ta fara tattara kaya. Ya ɗauki sandarsa ya juya kan shanun kudu.

"Ka gaya wa Ajidan ina kwarin," ya ce. "Fararen shanun ba su cire ɗamarar kowa ba, za su sha. In ya fito ya zo ya karɓi abinsa, ba sai ya gaishe ni ba. Baƙin takarkarin kuwa kada ya tambaya."